Magunan Sarkin Mota

Daura, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Maharazu da yara. Yaya ciwon ƙafar Inna tun da ta koma wajenki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ba Mati direba wannan takarda saboda a waya bakina yana riga hankalina, kin san halina.

An cire wa Baba Kalilu rawani. Shekara arba'in da ɗaya yana Sarkin Mota a gidan marigayi Hakimi, ranar Asabar aka karɓe makullai a hannunsa, aka ba shi wata ɗaya ya kwashe kayansa daga ɗakin bakin gareji.

Ga yadda aka yi. Alhaji Ƙarami, ɗan marigayin, ya kawo baƙi daga Abuja su ga motoci. Mota sittin da uku, Yaya, jere a cikin rumfuna, kowace lulluɓe da tamfol, ba inda suke zuwa. Duk Alhamis mu tayar da su, su yi gurnani, mu kashe. Innarmu kuwa a bayan babur aka kai ta asibiti. Da aka zo kan wadda Baba Kalilu ke kira 'Yar Landan, motar da aka ce irinta ba su kai ashirin ba a duniya, Alhaji ya buɗe ƙofa da hannunsa, sai ga ɓera ta haihu a kujerar marigayi. Fata a cinye, wayoyin inji kaca-kaca. Wani baƙo ya yi dariya. Wannan dariyar ce ta ci rawanin tsoho, ba ɓera ba.

Ni aka miƙa wa makullan, wai ni ne mai karanta littattafan mota. Kada ki yi mini murna.

Wata tambaya: idan kin shiga kasuwar Zango, kina ganin wasu maguna wajen mahauta? Akwai ja mai yankakken kunne.

Ki gaida Inna. Ƙaninki,
Zakiyyu

Daura, 15 ga Nuwamba

Yaya Ikilima,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, saƙonki ya iso, har da ƙuli-ƙulin, na gode. Kin ce me ya haɗa ni da magunan Zango. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Baba Kalilu yana da maguna tara a garejin. Kowace safiya yakan zuba musu nono a tsohon murfin taya, ya kira su da suna. Jar nan ita ce Zinariya, uwarsu. Ni kuma kin san yadda na koyi Turanci: da littattafan da ke cikin aljihun motocin, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, Baba Kalilu yana ba ni makulli in shiga in zauna. Shi bai san bihim ba, amma shi ya fara cewa in buɗe su in gani. Da karatun ya zauna sai kaina ya kumbura. Na ga sawun farce a kan fentin wata Marsandi, na ce maguna ne. A gaban masu wanki na ce masa ba a kiwon dabba a kan dukiyar da bai san darajarta ba, na ce wanda ya ƙera motar ya rubuta yadda za a kula da ita, shi kuwa ko sunanta ba ya iya karantawa. Ya ce kawai bayan katangar nan rumbunan gero ne, in jira kaka.

Ban jira ba. A watan Satumba ya tafi Katsina a wanke masa ido, kwana biyu. Na samu buhu biyu na cusa magunan a ciki. Sun yage mini hannu har gwiwa. Na ɗaura a babur, na zo har Zango ranar kasuwa, na zazzage su bayan mahauta. Ko gidanki ban biyo ba, don kada ki ga hannuna.

Da ya dawo na ce masa ƙila karnuka ne suka kore su. Sati uku yana fitowa da nono yana kira. Ya samo 'yan jariran maguna biyu, amma ɓeran kaka ya fi su girma.

Ranar da aka tsayar da shi a tsakar gida ana warware masa rawani, ina tsaye kusa da shi, Yaya. Ni da nake zagin masu sarauta a majalisa har muryata ta dishe, ni da ba a taɓa faɗa mini ɗaya ban mayar da goma ba, ranar bakina ya mutu. Aka miƙo makullai, hannuna ya karɓa.

Tun muna makarantar allo ake ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda mage ɗaya. Ni tara na zubar, da tsoho a kai.

Kada ki gaya wa Inna. Ƙaninki,
Zakiyyu

Daura, 27 ga Nuwamba

Yaya Ikilima,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da Inna. Amsarki layi biyu ce, kuma ta fi mari zafi. Na yi abin da kika ce.

Na sami Alhaji Ƙarami bayan sallar Juma'a, na durƙusa na faɗa masa komai. Yana sauraro yana latsa waya. Da na gama ya ce dama tsohon ya tsufa, rawanin da aka cire a gaban jama'a ba ya komawa, in je in sayo maganin ɓera. A nan bakin nawa ya farka. Na ce, ranka ya daɗe, mutumin da ya tuƙa mahaifinka shekara talatin bai kai kujerar fata ba? Dogari ya yunƙuro, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce tsohon ya zauna a ɗakinsa har ƙarshen ransa, amma makulli ba nasa ba ne, kuma ba nawa ba ne. Na ajiye su a gabansa. Yanzu ba ni da aiki, kuma wallahi wannan ne kaɗai abin da bai dame ni ba.

Daga nan na wuce unguwar Kusugu, gidan 'yarsa, inda ya riga ya kai rabin kayansa. Na same shi a zaure da hula kawai. Ban taɓa ganin kansa haka ba, ashe ƙarami ne. Na fara magana ya tsayar da ni. Ya ce tun ranar da ya dawo daga Katsina ya sani. Idon da aka wanke masa, abin da ya fara gani da shi hannuna ne. Na ce me ya hana shi faɗa a gaban Alhaji. Ya ce shi ya gama nasa tuƙin, ni kuwa ina da uwa mara lafiya.

Na ba shi labarin ɗakin, ya ce madalla. Bai tambayi rawani ba. Abin da ya tambaya shi ne a ina na sauke su, kuma akwai ruwa kusa? Ya ce Zinariya tana da ciki lokacin.

Ban sani ba, Yaya. Littafin bai faɗa ba, ni kuma ban duba ba.

Don Allah ki sa Malam Maharazu ya yi magana da mahauta. Ja ce, kunnen hagu a yanke, ba ta zuwa sai an ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu. Baba Kalilu ya ba ni murfin tayar, ya ce ni ba za ta amsa mini ba, amma za ta san ƙararsa. Ina tafe ranar kasuwa a motar Mati, kuma ko kwana nawa ya kama zan yi. Ki aro mini kwando mai murfi, ki shimfiɗa tsumma a ciki. Ba zan sake sa ta a buhu ba.

Ki roƙa mini Inna ta sa ni a addu'a, yanzu kina iya gaya mata dalili.

Ƙaninki mai kunyar haɗa ido da ke,
Zakiyyu