Bango Ya Faɗi a Kan Akwatinka, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinka, 'yarka Hadiza ce.

Ruwan da aka yi ranar Talata ya kayar da bangon tsohon shagonka na Zango, akwatin kayan aikinka kuwa yana ciki. Ina kasuwa ƙanena Isufu ya kira ni ya faɗa mini. Ko rumfata ban rufe ba na hau moto.

Da hannu muka riƙa ɗebe laka, don Inna ta hana a sa shebur, kada a sare wani abu naka. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Kawu Sale, abokin sassaƙarka, ya zo yana dogara sanda, ya zauna kan turmi yana kallonmu.

Murfin akwatin ya tsage. Ƙotar zartonka ta karye, wannan kam ta tafi. Amma gizago yana nan da ƙotarsa ta icen marke, wadda ka zaɓo da lanƙwasarta tun daga reshe. A ƙarƙashinsa muka sami rabo, abin goge katako, wanda ka sassaƙa da icen ƙirya, da ɗan gurbin babban yatsa da ka fafe a gefen da ba a saba ba, saboda kai bahago ne.

Na tuna ina yarinya, ina tsince maka ɓawon katako, kana cewa, "Ƙarfe na maƙeri ne, ƙota kuwa ta mai hannu ce."

Kawu ya ɗauki rabon, ya share lakar da bakin rigarsa, ya shafa man kaɗanya, ya ƙwanƙwasa bakin ƙarfen a hankali. Ya tura shi kan wani guntun katako, sai ga ɓawo ya fito a naɗe, siriri kamar na albasa. Ya ce, "Ba ya bin hannuna, don ba ni aka yi wa ba. Amma lafiyarsa lau."

Inna ta ɗauki ɓawon ta shinshina, ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Sannan ta ce a zubo mata tuwo.

Baba, hankalinmu ya kwanta. Kayanka yanzu suna ɗakinta, a kan bulo, nesa da lema.

Allah Ya gafarta maka, Ya hutar da hannun da ya ciyar da mu, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Hadiza