Malam Buba, Ga Abin da Aka Faɗa Bayan Ƙone Kayan Kiɗanmu

Zuwa ga Malam Buba,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ni ce Saratu, 'yar Billiri ɗin nan mai surutu, wadda ka koyar a firamare a Pantami, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan. Na san ƙasa ta rufe ka tuntuni, amma raina a ɓace yake, kuma kai nake so in faɗa wa.

Ranar Asabar muka yi taron tsofaffin ɗalibai. Aka kawo tsohon hedimastanmu yana dogara sanda, aka miƙa masa lasifika. Malam, mutumin nan ya buɗi baki ya ce shi ya kawo kiɗa makarantarmu. Aka yi ta tafi. Ko sunanka bai ambata ba.

Shi wa? Kai ne ka dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da kiɗan duniya a kunnenka. Kai ka sa muka ɗaure fatar akuya a bakin tukwane biyu, ka ce haka Indiyawa ke kaɗawa da yatsu. Kai ka yanko gindin duro, muka yi ta dukansa da guduma har kowane lotsi ya samu tasa muryar, irin na baƙar fatar tsallaken teku. Ni ka ba ni ƙwarya da ƙarafunan tsohuwar laima, na haɗa abin da ake taɓawa da babban yatsa, kiɗan mutanen Kwango. Ƙawata Rabi tana busa sarewar kara, ina biye da ita. Kullum sai ka ce, "Saratu, rufe baki, buɗe kunne."

Sai aka ce manya za su zo daga Bauchi, har an aiko da ƙahonin Turai masu ƙyalli. Hedimasta ya leƙo ajinmu, ya ce a kwashe tarkacen nan kafin a ba shi kunya. Aka tara su bayan aji, aka cinna wuta. Da kunnena na ji ƙwaryata ta fashe. Kana tsaye kana kallo, hannu a baya kamar a fareti.

Manya suka zo. Babu wanda ya iya busa ƙahon ko ɗaya. Aka jera mu muka riƙe, aka ɗauki hoto, aka mayar da su sito. Da ka yi magana a taron malamai, sai aka tura ka wani ƙauye can bayan Dukku. Ba mu ƙara ganinka ba.

To, ranar Asabar ɗin nan na miƙe. Ana ja mini zane, wai in yi haƙuri, dattijo ne. Kai ma ai dattijo ne ranar da ya wulaƙanta ka a gaban yara! Na kira sunanka da ƙarfi, na faɗi abin da aka yi maka. Rabi ta taso ta tsaya kusa da ni tana kuka. Shi kuwa sai ya dube mu ya ce wallahi bai tuna ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Malam, ko inda aka binne ka ban sani ba. Duk wanda ya karanta wannan, in ya san iyalinka, don Allah ya nuna mini gidan. Ina so 'ya'yanka su ji daga bakina irin uban da suka yi.

Allah Ya ji ƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya raya abin da ka bari.

Ɗalibarka har gobe,
Saratu