Inda Muka Kwantar da Inna

Karantina, Jidda,
12 ga Sha'aban, 1391.

Zuwa ga Yaya Saudatu, a Gumel.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Usman da iyalinsa da duk mai kwana a gidan. Yaya ƙafar nan taki ta ƙare da sanyin damina? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Mai ɗakina Mastura tana nan, gwiwa ta ƙi, amma baki lafiya lau. Ɗanmu Rafi'u ya samu tuƙin tipa wajen wani ɗan kwangila, matarsa kuma ta sauka a watan Rajab, an samu mace. Ni ina nan kan keken ɗinkina, ni da allura muna ta kallon-kallo, sai ta ga dama take karɓar zare.

Yaya, duk wanda zai karanta miki wannan, ki ce ya bi a hankali kada ya tsallake komai, don maganar Inna ce, kuma lokaci ya ƙure mini.

Kin tuna shekara arba'in da suka wuce, da jirgin ruwan nan na Sawakin ya zubar da mu a bakin gaɓa kudu da Jidda, mai jirgin ya nuna mana duwatsu da haɓa ya ce Makka na bayansu? Kwana biyu muna tafiya zazzaɓi da ƙishirwa suka gama da Inna. Ni ne na hango tulin duwatsu jere a kan wani tudu, ni ne kuma na ce maƙabarta ce. Da Malam Saleh, wanda ya yi mata salla, ya ɗan yi jim, na ce masa a ƙasa mai tsarki wa za a binne in ba Musulmi ba? Ya ce na yi gaskiya. Har murna muka yi cikin kukanmu, wai Inna ta samu maƙwabta. Muka haƙa a gindin babban tuli da wuƙa da kwanon sha, muka ɗebi duwatsun wurin muka rufe saboda kuraye. Tun ranar ban koma ba. Da farko ba ni da iƙama, takardar izinin zama, ina tsoron hanya. Da na samu sai na riƙa cewa baɗi, kin kuwa san baɗi doki ne da ba a taɓa ɗaura masa sirdi ba.

Makon jiya muna cin abinci Rafi'u yake ba mu labari, wai dutsen da suke kwasowa na sabuwar hanya daga wani tudu ne can kudu mai tulin duwatsu a kai, har katafila ta buɗe ɗaya an ga ƙashin mutum. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tambaye shi ko ana hango teku daga kan tudun, ya ce ana hangowa.

Ran Juma'a da sassafe ya ɗauke ni a tipar har inda hanya ta ƙare, muka sauka muka taka. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. An bi ta wani busasshen kwari mai itatuwan ƙaya irin farar ƙayarmu, sai dai waɗannan yunwa ta fi cin su, sannan aka hau kan baƙaƙen duwatsu masu santsi. Ni da na tako daga Gumel har Sawakin da ƙafata, sau uku na zauna hutawa, ina ce wa Rafi'u takalmi nake gyarawa. Amma tun kafin mu kai sama ƙirjina ya gane wurin. Iskar nan mai gishiri, da tekun can nesa kamar an shimfiɗa baƙin zane, duk suna nan yadda muka bar su. Tulin goma sha ɗaya ne a da, in ji masu aikin. An riga an cinye huɗu.

A can muka tarar da wani tsohon Balarabe makiyayi, Hamad, da awakinsa. Da na ce masa na zo ziyarar maƙabarta ne sai ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce waɗannan su suke kira rujum, kuma kakan kakansa haka ya tarar da su. Na mutanen farko ne, tun ba a aiko Manzon Allah ba, tun ba wanda ya san alƙibla. Ya ja ni zuwa wanda katafila ta buɗe. Yaya, na leƙa da idona. Mutumin yana naɗe, gwiwa a ƙirji kamar ɗan da ke ciki, ya ba Makka baya. Da na gaya wa Hamad abin da muka yi a wurin, dariyar ta ɗauke. Ya tatso nono a ƙwarya ya miƙo mini, ya ce Allah Ya ji ƙanta.

Na zauna a ƙasa daɓas. Shekara arba'in ina gaya wa 'ya'yana kakarsu na kwance cikin bayin Allah, ashe baƙunta na kai ta gidan mutanen jahiliyya. Inna fa, wadda ta kwana uku a hanyar Wadai ba ta ci nama ba don ba ta ga wanda ya yanka yana salla ba. Gaggawa ta ɗan shekara sha tara ce ta jawo, na yi magana da ƙarfi manya suka bi ni. Ki yafe mini.

Na je wajen limamin masallacinmu. Ya ce rashin sani ba zunubi ba ne, kuma ba maƙwabci ne ke shigar da mutum aljanna ba, aikinsa ne. Ya ce tunda injin zai niƙe wurin, ya halatta a ɗauke ta a kai ta cikin Musulmi, amma bai halatta in bi kaburbura ina tonawa kamar mai neman gyaɗa ba. Shugaban masu aikin kuma, bayan Rafi'u ya yi ta roƙonsa, ya ce mako guda bayan ƙaramar Salla za su iso wurin, zai ba mu safiya ɗaya, daga nan halas, shi ke nan.

To ga inda na tsaya. Manyan tulin guda biyu ne, ba ɗaya ba, kusan kansu ɗaya, tsakaninsu taku sittin. Duwatsun da muka ɗora sun zube sun haɗe da na mutanen, ba a gane namu da nasu. Na zagaya kowanne sau bakwai kamar mai ɗawafi, Allah Ya gafarta mini, in tsaya nan zuciyata ta ce nan ne, in koma can ta ce can ne. Ni haƙa na yi kaina a sunkuye, daga nan na bi maza neman ruwa. Ke ce kika wuni a zaune a kanta har la'asar. Malam Saleh da sauran 'yan ayarin duk sun riga mu gidan gaskiya. A duniyar nan ke kaɗai kika rage.

Don Allah ki rufe ido ki koma wurin. Da kike zaune, ɗaya babban tulin yana hannunki na dama ne ko na hagu? Teku na gabanki ko bayanki? Inuwar tulin ta rufe ki da la'asar, ko rana ta ci gaba da dukanki? Sannan hannun nan nata da ya karye a bakin rijiya ya ɗoru a karkace, na hagu ne ko na dama? Ke kika yi mata sutura, ke za ki sani. Ina tambaya ne don tsoron da ke hana ni cin abinci: kada in naɗo ƙashin wani bamaguje na zamanin da a likkafani in kai shi maƙabarta ina kuka, ita kuwa a niƙe ta da tsakuwa a shimfiɗa a hanya motoci su bi ta kai.

Takarda na cin mako uku kafin ta iso ku, ta ci uku kafin ta dawo. Kin ga rarar ba ta wuce mako biyu ba. Ranar da aka karanta miki, ranar za ki sa Usman ya rubuta, ya kai gidan waya a sa ta jirgin sama. Kada a jira alhazai, kafin su zo an gama.

Ki gaishe mini da Usman da matarsa da yara, da Gwaggo Luba in tana gane mutane, da Ubale na bakin kasuwa. Mastura da Rafi'u suna gaishe ki, suna neman addu'a.

Yaya, in kin tuna rabi, ki aiko da rabin. In kin manta duka, ki rubuto ki ce kin manta, kada kunya ko tausayina su sa ki zaɓar mini gefe. Zan tafi da likkafanina duk da haka, in tsaya tsakanin tulin biyu in yi mata addu'a har katafila ta iso. Shirunki ne kaɗai ban san yadda zan yi da shi ba.

Wassalam. Ƙanenki mai jiran amsa,
Abdulgani tela.