Kunkunniyar Soron Baba

McLeansville, Greensboro,
Lahadi, 5 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Muhammad Awwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce ta girmamawa da kewa daga ƙanwarka Rahina, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen gidanmu na Zariya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan da kake ɓoye mini amma matarka Anti Bebi take tona maka asiri. Mu ma nan lafiya ƙalau. Maigidana Alhaji Sanda yana nan yana fama da tuƙin babbar motarsa, ni kuma ina kicin ɗin makarantar firamare kamar kullum. Abdulmuhaimin ya fi babansa tsawo yanzu, sai dai Hausar tasa ce ta ƙi tsawo. Ganyayen itatuwa sun fara ja, sanyi yana leƙowa. Na ji an sa bikin 'yarka Nana Aisha watan Janairu, Allah ya sa albarka ya kai mu lokacin.

Yaya, maganar soron Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka ce mini a waya Laouali magini zai zo ran Litinin ta sama ya kankare bangon da rufin, ya shafa siminti, a yi fenti kafin biki. Roƙonka nake, don Allah ka dakatar da shi. Na san za ka ce ai ni ce a zuwana na ƙarshe na tsaya a tsakar gida na ce soron nan abin kunya ne, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, a shafe shi kowa ya huta. Ni ce, ban musa ba. Shi ya sa ma na kasa faɗa maka a waya, don in na ji muryarka sai bakina ya mutu, in koma yarinyar da kake kora daga zaure. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo maka yau. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yi mini dariya.

Ka san 'yata Salwa tana shekararta ta ƙarshe a jami'a, tana koyon gyaran tsofaffin zane-zane da gine-gine. Aikin da za ta gabatar bana a kan wata abar bautar mutanen Masar na dā ne, mace, wai ita Hathor. A wajensu ita ce uwar kiɗa da murna da shayarwa, suna yi mata fuskar mace da kunnuwan saniya. Ranar da ta faɗa mini na yi salati, na ce duk abubuwan da ke duniya ba ki ga na karantawa ba sai gunkiya mai kunnen saniya? Ta ce ita ba bauta ta kai ta ba, hannun mutanen da suka yi aikin take bi, yadda suka niƙa kala da yadda suka shafa. Kada hankalinka ya tashi, sallarta tana nan daram, ta fi ta Abdulmuhaimin ma. Mako shida ta yi tana ƙera fuskar nan a jikin allon filasta irin ta silin, mai faɗin faifai biyu, ta haɗa shuɗi da ja da ruwan ɗorawa da hannunta. Ɗakin da take haya a unguwar Glenwood bai fi akurki ba, sai ta roƙi ta kawo allon gida. Na ce ban yarda ya tsallako mini falo ba, iyakarsa gareji. Na kuma rantse ko da tsintsiya ba zan taɓa shi ba. Amma gaskiya, in na je ɗauko shinkafa nakan saci kallo, don yarinyar nan ta iya.

Ana nan sai na tafi suna Charlotte da ƙawata Aissa, mutuniyar Maraɗi, muka kwana uku. Da na dawo ran Alhamis da hantsi sai na ɗaga ƙofar gareji. Allon Salwa ya yi baƙi ƙirin, ko idon gunkiyar ba a gani. Ga kuma abin gashin naman Alhaji a gefe da toka a ciki. Nan take na haɗa labarin da kaina: ba na nan, mutumin ya tara abokansa sun gasa tsire a bakin gareji, hayaƙi ya cinye wa yarinya aikin mako shida, saura kwana tara ta gabatar. Na ce yau in Salwa ta gani, ita da babanta sai an shiga tsakani. Ka san tarbiyyar Inna, ba a kwana da baƙin tukunya a gidanta. Na yi a'uziyya, na karya rantsuwata, na ɗauko soson ƙarfe da sabulu da ruwan zafi, na durƙusa na kama gunkiyar nan da dirza kamar tukunyar da aka dafa wake.

Baƙin ya fita kam. Sai dai da na ɗauraye na ga ruwan da ke gangarowa shuɗi ne. Na duba da kyau, gira ta tafi, kwallin ido ya tafi, kunnen hagu ya guntule yana kwance a ƙasa. Rabin fuskar ya koma fari fat kamar ba a taɓa sa masa kala ba. Ina tsugune da soso a hannu Alhaji ya shigo. Na taso masa da faɗa, shi kuwa ya riƙe baki yana kallon allon. Da ƙyar ya ce shi bai gasa komai ba, Salwa ce da kanta ta ari abin gashin ta yini biyu tana turara allon da hayaƙin itace a bayan gida, da gangan. Na ce to me ya hana ka faɗa mini? Ya ce ai ban tambaye shi ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina aure da wannan amsar.

Ran Asabar Salwa ta zo. Yaya, da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Kifa bokiti kawai ta yi ta zauna a kai hawaye suna zuba. Ni kuma ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na gaya mata dalilina, cewa asirin babanta na so rufawa, ita kuma in raba ta da baƙin ciki, sai ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni da Turanci wai da gaske na taɓa gunkiyar da hannuna saboda ita? Na ce da safar hannu dai. Sai dariya ta kama ta tana kuka tana dariya, har ni ma na shiga.

A nan ne ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce akwai wani babban ɗakin bauta na Hathor a wani gari da ake kira Dendera, a gefen kogin Nilu, ginshiƙansa duk da wannan fuskar a samansu. Bayan an daina bautar, mutane suka riƙa fakewa a ciki suna hura wuta, shekaru aru-aru, har kunkunniya ta rufe rufin ya zama baƙi. A 'yan shekarun nan masu irin sana'arta suka hau tsani suka bi shi a hankali, sai ga shuɗin sama da taurari sun fito kamar jiya aka shafa. Ta nuna mini hotuna a waya, na yi ta tasbihi. Abin da ta so nunawa ke nan da allonta: ta turara shi, sannan ta goge yadda ake gogewa. Ta kuma nuna mini fuskokin da wasu mutanen baya suka farfasa da guduma da kurfi. Na ce to, ga ni na shiga sahunsu da soson wanke-wanke.

Malaminta, wani Dokta Eric, da ya ji labari sai ya ce kada ta sake sabo, ta goge rabin da ya rage ta kawo shi a haka. Kwana biyar muna gareji ni da ita, in na taso aiki. Ba soso, ba sabulu. Tsinke ne ake naɗa wa auduga a baki, a ɗan jiƙa, a mirgina a hankali a wurin da bai fi farce ba, a jefar, a naɗa wata. In na ƙara ƙarfi sai ta riƙe mini wuyan hannu, kamar yadda na riƙe nata ina koya mata tuƙa tuwo. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya sai ga ni ina awa biyu a kan kumatun gunkiya. A ƙarƙashin baƙin nan na ga kowane layin burushin 'yata, har da inda babban yatsanta ya danna filastar tana ɗanya. Ranar gabatarwa aka rubuta a ƙarƙashin allon cewa ɓangaren dama an goge shi da auduga, na hagu kuma wata mai ƙauna ce ta goge shi da soson ƙarfe. Mutane suka yi ta taruwa a wurin. Na ja mayafina na koma bayan Aissa, ita kuwa sai nuna ni take yi. Salwa ta ci, alhamdu lillahi.

To Yaya, tun ranar da na ga shaidar yatsan nan zuciyata ta koma gida. Baba magini ne da ake kira har Kano da Katsina, amma duk gidajen da ya yi wa zayyana an rushe su ko an lulluɓe da siminti. Soron nan ne kaɗai ya rage, wanda ya gina wa kansa, ya ɗaura masa bakan gizo a rufi, ya zane shi ciki da hannunsa. Baƙin da na raina kuwa hayaƙin Inna ne, shekara ashirin tana hura wuta a ciki bayan rasuwarsa, tana dafa mana kunu in ruwa ya hana girki a waje. Na ba Salwa labari, ita da rabonta da soron tun tana shekara shida tana tsoron shiga. Ta ce a ɗauko mata hoto, amma a rufe ƙofa a haska tocila daga gefe, a jikin bangon, ba daga gaba ba. Anti Bebi ce ta ɗauko mana, kada ka yi mata faɗa, ni na sa ta. Yaya, komai yana nan. Dagin da ke saman ƙofa yana nan, takubban nan biyu suna nan, har layukan yatsun Baba inda ya ja su a ɗanyar ƙasa. Na ga hoton a wurin aiki, na shige ɗakin ajiya na yi kukana.

Salwa ta ce za ta zo hutun Disamba, ni ma zan biyo ta. Ta ce bangon ƙasa ba irin filasta ba ne, sai ta gani da idonta, kuma ba ta yi alkawarin gamawa kafin biki ba. Na san abin da ke ranka ke nan, surukai za su zo daga Kaduna su ga baƙin soro a gidan babban mutum. Ba na raina wannan, kai ne kake zaune a gidan, kai ake kallo, ni ina nan nesa ina ba da umarni kamar wata hakima. In ba a gama ba a rataya labule, ko a sauki baƙi a sabon falo. In rufin yana yoyo Laouali ya gyara ta waje, wannan ba mu hana ba. Salwa ta kuma ce masu irin aikinsu sukan bar ɗan wuri ba su goge ba, don a san yadda yake a dā. Na ce to a bar kusurwar murhun Inna da baƙinta.

Ka gaishe mini da Anti Bebi da godiya, da amaryarmu Nana Aisha, da Yasmina da yaranta, da Gwaggo ta Tudun Wada, da liman da duk maƙwabta. Alhaji Sanda yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ba shi da hannu a komai, kamar kullum. Salwa da Abdulmuhaimin suna gaida Kawunsu.

Abu ɗaya ya rage. Kafin Litinin ɗin ka ɗauki tocila ka shiga soron kai kaɗai, ka haska gefen dama na ƙofa, daidai gwiwarka. Za ka ga wasu ƙananan layuka huɗu a karkace, sun ratsa zanen Baba sun ɓata shi. Salwa ta tambaye ni ko kuskure ne. Ba a haife ni ba lokacin, amma Inna ta sha ba ni labari: kana shekara huɗu ka faki idonsa ka ja yatsunka a ɗanyen zanen, lebura ya ɗauko ƙasa zai shafe, Baba ya riƙe hannunsa ya ce a bar wa Awwalu aikinsa. Baba bai shafe naka ba, Yaya. Don Allah kada ka shafe nasa.

Allah ya jiƙan Baba da Inna da rahama, ya bar mu tare.

Ƙanwarka mai soson ƙarfe,
Rahina