Gurasa Za Ta Cika Jami'a, Babu Mai Gicciye Ko Ɗaya

Ammachi, uwarmu mai ba da shawara, ki cece ni don girman Allah. Ina rubuto miki ne ina dariya ni kaɗai a ofis kamar wadda ta taɓu, ga shi muna cikin azumi, kuma makoki muke yi. In ba ki ba ni shawara ba kafin Lahadin Dabino, wato mako guda kafin Ista, abin da Fada Kuruvila ya yi shekara da shekaru yana ginawa zai rushe a hannuna, kuma abin da zai rusa shi alherin mutane ne da ya yi yawa. Kin taɓa jin irin wannan?

Ni malamar ilimin sinadarai ce a wata jami'ar Katolika da ke kan tudu, can wajen Pala, tsakiyar gonakin roba. Bara aka ɗora mini kula da zaman tare na ɗalibai: addu'ar safe, mawaƙan coci, ziyarar marasa lafiya da sauransu. Wai an ga ina da fara'a. Gaskiyar magana, ranar da aka yi taron rabon aiki ne ban je ba.

Aikin bai taɓa damuna ba, don Fada Kuruvila na nan. Shi ne tsohon Fadan cocinmu, gajere, mai sanƙo, yana yawo a kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga ƙasan tudu. Ya san sunan kowane ɗalibi, ya san sunan uwarsa, ya san wanda ya bar zuwa coci da dalilinsa. Tun jami'ar tana ƙarama, wata Alhamis Mai Tsarki, ta cikin makon da ke kai wa Ista, ya leƙa ɗakin kwanan ɗalibai ya tarar da waɗanda ba su samu tafiya gida ba, 'yan koyon jinya masu aiki a asibiti da 'yan nesa, suna cin biskit da ruwa, a maraicen da kowane gidan Kirista a yankin nan ke yanka gurasar Pesaha, wato ta Idin Ƙetarewa. Ransa ya ɓaci. Ya tattara su a ɗakin cin abinci, ya sa aka yi gurasa da madarar kwakwa mai mazarƙwaila, ya tsaya a matsayin uban gida ya yanka, ya tsoma, ya ba kowa a hannu daga babba zuwa ƙarami. Daga nan abin ya zauna. Yanzu har waɗanda gidansu ke kusa ƙin tafiya suke yi. Direbobi, masu shara, farfesoshi, ɗalibanmu 'yan Hindu da Musulmi, kowa na zuwa. A duk shekara wannan ne kaɗai maraicen da za ki ga shugaban tsangaya ya miƙa tafin hannu yana jiran rabonsa kamar kowa. A watan Janairu Fada ya rasu.

To, aka zo taron shirin Pesahar bana. Sista Filomina, wadda ke riƙe da ɗakin girkinmu tun ban iya tafiya ba, ta ce ta riga ta sayi sababbin tukwane kamar yadda aka saba, saura kwakwa da garin shinkafa. Ni kuwa bakina da ba ya shawara da ni, sai kawai na ji ya ce, "Sista, ai bana ba mu da hurumin yi. Ubanmu ya rasu." Kin san al'ada, gidan da aka yi rasuwa cikin shekara ba ya hura wuta don gurasar Pesaha, maƙwabta ne ke kawo masa. Sai wasu suka fara share hawaye. Kafin in koma ofis ɗalibai sun baza maganar a waya.

Ammachi, tun ranar wayata ba ta huce ba! Wata uwa ta kira ni daga Thodupuzha tana cewa, "Malama, guda nawa zan kawo? Kar ki ce mini ɗaya, ki kunyata ni a gaban surukata." Wata ta kira don kawai ta gargaɗe ni cewa matan garin Changanassery tafarnuwa suke zubawa a gurasa kamar suna korar aljanu, in ajiye tasu a gefe. Wata tsohuwar ɗalibarmu da ke jinya a Kuwait ta tayar da uwarta, uwar ta tayar da unguwa guda. Direban bas ɗin da ke hawa tudunmu ya ce duk mai ɗauke da ƙunshin gurasa a ganyen ayaba ranar nan kujerar gaba tasa ce. Mahaifiyar wata ɗalibata 'yar Hindu ta ce ita ba za ta taɓa gurasarmu ba don ta san haddi, amma kwakwar gonarta tana hanya, a raba wa masu yi. Har shugaban tsangayar shari'a, mutumin da rabonsa da coci tun ranar aurensa, ya tare ni a matakala fuska a murtuke ya ce, "Matata ta ce in gaya miki ita ta riga kowa." Na shige banɗaki na yi dariya har da hawaye. Ni dai ban taɓa sanin haka ake son mu ba. Ina tafiya ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, jiya ma na shiga aji na koyar da darasin da na riga na koyar, ba wanda ya tanka mini.

Ga inda dariyar ke tsayawa. Na farko, Sista Filomina ta daina gaishe ni. Ta same ni ta ce, "'Yar nan, jami'a makaranta ce, ba gida ba. Fada yana da gidansu a Kuravilangad, can ake makoki. Kuma da bakinsa ya ce mini kar murhun nan ya huce ranar Pesaha ko sama za ta faɗo. Ke da kika zo jiya za ki kashe mini wuta?" Na san ba ƙarya take yi ba, kuma ta fi ni saninsa.

Na biyu shi ya fi tsaya mini a wuya, kuma duk murnata ban hango shi ba sai da Sista ta jefo mini. Kowane gida guda ɗaya yake yi mai gicciyen ganyen dabino a kai, ita uban gida ke yankawa, kuma ba ta barin gidan. Waɗanda ake aika wa maƙwabta marasa gicciye ne. Wato za mu tara tulin gurasa har rufi, babu ko ɗaya da za a buɗe taro da ita! Sabon shugabanmu, Fada Sebastian, mutumin kirki ne amma baƙo, ya ce me zai hana in sun iso a manna wa ɗaya gicciye. Kallon da Sista ta yi masa, bawan Allah sai da ya ƙware da shayi. Ai tare ake turara gicciyen da ƙullun, ba ado ba ne. Da ya gaji da mu sai ya yanke hukunci: in ni da Sista ba mu daidaita ba kafin Lahadin Dabino, bana a huta, a sha shayi da biskit bayan addu'ar Mas a coci. Biskit, Ammachi! Kuma na san wurin nan, duk abin da aka ce ya huta shekara ɗaya, ya tafi ke nan. Ƙungiyar mawaƙan malamai ma hutun shekara ɗaya aka ba ta.

Kar ki ɗauka kowa ne ya yi alkawari. Akwai Appachan Itty, tsohon da gidansa ke jikin shingenmu, wanda awakinsa suka cinye mana furanni. Kowace shekara sai sun yi rigima da Fada Kuruvila a kan mangwaron kan iyaka, kowace Lahadi kuma suna tare suna karta. Na gamu da shi a bakin ƙofa, tun ban buɗe baki ba ya ce, "Ke 'yar boko, kar ki sa rai da ni. Yarana duk sun tsallake teku. Matata Saramma guda ɗaya take yi, mai gicciye, mu zauna mu biyu muna kallon juna, in yanka, ta ce na ba ta ƙarami." Ya yi dariya, amma ni dariyar ba ta yi mini kama da dariya ba.

Yanzu ya zan yi? In janye maganata in bar Sista ta hura wuta, in kira matan nan ɗaya bayan ɗaya in ce mun fasa makoki? Ko in dage, mu zauna gaban gurasa marar gicciye, Sista ta ƙi fitowa? Kuma in ta yi saura fa, ga shi ba a zubar da ita? Sannan ki gaya mini gaskiya, zunubi ne mutum ya ji daɗi haka a cikin makoki?

Taki,
Malamar da bakinta ya riga ta

'Yata,

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe: ba zunubi ba ne. Ki yi dariyarki. Mutumin da ya ƙi yarda yara su ci biskit ranar Pesaha ba zai so ki yi masa makoki da fuska a tamke ba. Sai dai ki riƙa duba darasin da za ki koyar kafin ki shiga aji.

Sista Filomina tana da gaskiya, kuma kin yi mata laifi ko da ba da nufi ba. Kin yanke hukunci a kan murhunta a gaban jama'a ba ki gaya mata ba. Ke makokinki a baki ya fito, ita nata a hannu yake: tana so ta yi masa aikin da ta saba yi masa. Saboda haka gobe ki je ɗakin girkinta ke kaɗai, ba a taro ba, ki ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Sannan ki nuna mata cewa alkawarinta bai karye ba. Fada cewa ya yi kar murhu ya huce, kuma ba zai huce ba. Matan da za su hau tudun nan cikin wannan zafi suna bukatar shayi, madarar da za su kawo tana bukatar ɗumi. Ki roƙe ta ta tsaya a ƙofa ta karɓi kowane ƙunshi da hannunta, ita ce uwar gida. Ke ba za ki iya raba matan Thodupuzha da na Changanassery ba, ita da kallo ɗaya za ta yi.

Amma kar ki janye maganarki. Ta riga ta fita, mutane sun amsa, kuma amsarsu ta fi ƙarfin taronku.

Maganar gicciye kuwa, ke da kanki kika rubuto mini maganinta, murna ce ta hana ki gani. Akwai gurasa mai gicciye a jikin shingenku, mutum biyu ne kawai za su ci ta suna kallon juna. Gaskiya ne ba ta barin mutanen gidanta, to sai mutanen gidan su taho da ita. Ba kyauta za ku roƙi Appachan Itty ba. Cewa za ku yi shi da Saramma su yi Pesaharsu a teburinku, shi ya tsaya a inda abokin rigimarsa ya saba tsayawa, ya yanka, ku kuma ku zama 'ya'yansa na maraice ɗaya. Ki tafi da Fada Sebastian, don babba ake tura wa babba, kuma hakan zai sa shi ma ya ji da shi ake yi, ya manta da biskit. Tsohon zai ƙi, zai kawo zancen ciwon gwiwa da na mangwaro. Ku saurare shi da ladabi, sannan ku juya ku yi magana da Saramma. Yankan zai yi siriri ƙwarai, ba komai, ɗan ɓalli ya isa, sauran gurasar ta cika ciki.

Duk wadda ta sake kira ki ce mata guda ɗaya, ki ce umarnin Sista ne, ba wadda za ta yi musu. Abin da ya yi saura, kina da ɗaruruwan matasa masu azumi, kina da 'yan jinya da za su kai wa marasa lafiya. Ban taɓa jin gurasa ta gagari ɗalibai ba.

Sababbin tukwanen nan a ajiye su. Baɗi Sista za ta hura wuta ta yi har da ƙari, ku kuma ku sauka daga tudu ku kai wa duk gidan da aka yi rasuwa cikin waɗanda suka kawo muku bana. In kuka riƙe wannan, teburin Fada ba zai sake dogara da mutum ɗaya ba, ko shi, ko ke.

In Sista ta sake ce miki jami'a ba gida ba ce, kar ki yi gardama. Ki bari ranar Alhamis ta tsaya a ƙofa ta ga masu hawowa da ƙunshi a ka. Ta fi ki sanin al'ada, ta san ba a kai wa makaranta gurasar makoki. Gida ake kai wa.

Allah ya ji ƙan Fada Kuruvila, ya ba ku Pesaha mai albarka da Ista mai daɗi. Ki gaida mini Saramma, ki tsaya kusa da ita ki tabbatar bana an ba ta babban yanka.

Ammachi Rosakutty