Zangunan da Baba Ya Sauka

Karaye, 9 ga Sha'aban, 1357

Zuwa ga yayata Khadijatu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina fata kuna lafiya ke da maigida Malam Ilu da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. An fara cirar gyaɗa, dawa ma ta yi kyau bana. Inna Rekiya ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Bayan haka Yaya, kin san shekara uku ke nan ina rubuta labarin fataken ƙasarmu, irin su Baba, da suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja saro goro kafin jirgin ƙasa ya kashe hanyar. Abin da ya sa ni ciki, kewar zauren gidanmu ce. Kin tuna ranar da ayari ke dawowa, yadda ƙararrawar jakin gaba ke riga mutane isowa, mu fita da gudu ba takalmi, Baba ya kwance huhun goro ƙamshin ganye ya cika gida? Yanzu zauren sai kaji.

Na taka Kafin Dafga da Yammedi da Rogo ina neman tsofaffi. A Fulatan na sami Baba Ɗantala, wanda ya yi tafiya bakwai da mahaifinmu. Ido ya tafi, amma da ya ji muryata ya ce ai wannan ɗan Sulle ne. Kwana huɗu yana faɗa ina rubutawa. Labarin ya kai ƙetaren Kwara muka tsaya, na ce zan dawo bayan damina mu ƙarasa. Da na koma, sai aka nuna mini kabarinsa. A daminar kuma gara ta cinye mini warƙa goma sha ɗaya, na sake su da ka, ina jin ban mayar da su daidai ba.

Neman wanda zai tsaya mini a buga littafin ya fi rubutun wuya, don ni ban san kowa a Zariya inda ake ɗab'i ba. Wani akawu a Kano ya riƙe shi wata biyar, ya maido mini da ɗaurin da na yi masa, ko kwancewa bai yi ba. Na jefa shi adaka na ce na haƙura. Sai Alhaji Maiturare, mai rumfa a Zariya, ya zo ta'aziyya Karaye, ya sa na karanta masa. Ashe kakansa madugu ne. Ya share ido, ya ce shi zai kai da hannunsa. Ya kai kuwa. Masu ɗab'in suka ce suna so, amma in juya shi daga ajami zuwa boko, kuma labarin ya yanke a bakin kogi, sai na kai ayarin ƙarshen tafiyarsa.

Yaya, a duk wanda ya bi ayarin ƙarshe da ƙafarsa, ke kaɗai kika rage da na sani. Don Allah ki zaunar da mai rubutu, ki faɗa masa zangunan da kuka sauka bayan Kwara, ɗaya bayan ɗaya, da abin da kuka ci, da wanda ya rasu a hanya. Kada ki ce ƙaramin abu ne ki bar shi. Ki gaya mini kuma abin da Baba ya ce miki ranar da ya bar ki can gidan miji ya juyo, don bai taɓa yarda ya faɗa mana ba.

Inna Rekiya da Mairama da Liti suna gaishe ki. Ki gaida Malam Ilu da Tani da mai sunan Baba. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
Maharazu