Iskar da ke Cikin Ƙwai

Litinin, 3 ga Maris
Yaya da Baba sun sake yin gardama, a ɗakin ƙyanƙyasa, ina tsakiyarsu riƙe da tocila. Baba ya haska ƙwai ya nuna masa 'yar iskar nan ta gindinsa, wadda ɗan tsako ke fara shaƙa kafin ya fasa ɓawo. "Wa ya ajiye masa ita, malam ɗan jami'a?" Yaya ya ce ƙwan kwaɗo ko ɓawo ba shi da shi, sai a ruwa, wai a hankali a hankali ƙwai ya samu rufi har dabbobi suka iya zaman tudu. Baba ya ce to shi ma a hankali a hankali ya bar masa ɗaki.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya koma makaranta, hutun ma bai ƙare ba. Ni ko sallama.

Asabar, 8 ga Maris
Ni kaɗai na juya ƙwai. Da Yaya muka saba yi, yana tsokanata wai jarumin littafina ba zai auri mai warin kaji ba. Yau na buɗe littafin, jarumar ta yi kuka, jarumin ya durƙusa, sun shirya a shafi biyu. Su dai abin ba ya musu wuya.

Lahadi, 9 ga Maris
Mama ta ce, "Ke dai ki yi shiru." Yaushe na taɓa magana?

Alhamis, 13 ga Maris
Na haska wani ƙwai, ga jijiyoyi ja, ga abu yana motsi. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Sai kuma na tuna kwaɗon Yaya. Duka biyun sun zauna mini a kai, ba su yi faɗa ba. Wa zan faɗa wa? Ba na so Yaya ya daina zuwa gida saboda ƙwai.

Talata, 18 ga Maris
Sun fara fitowa, ɗakin ya cika da tsiyau-tsiyau. Baba yana kwashe ɓawo, bai dube ni ba ya ce, "Auta, in kun yi waya ki tambayi wancan, ƙwan kada fa? Shi ma da iska a cikinsa?"

Ban ce to ba. Na kira lambar Yaya, na sa masa wayar a tafin hannu, na fito na ja ƙofa.

Ban laɓe ba. Kaɗan dai. Sun ɗaga murya, amma ba wanda ya kashe wayar.